Yadda ake karanta takardar tarihin kat-kat ta alfarma kafin a biya kuɗi

A filayen sayar da motoci na Sekanji da ke gefen Kwatano, haka ma a Lome, Duwala da Tema, ya zama ruwan dare dillali ya miƙa wa mai saye wasu shafuka cikin Turanci yana cewa "ga tarihinta daga Amurka". Ga ɗan kasuwar da ya taso daga Garwa, Njamena, Kumasi ko Maraɗi zai zuba miliyoyin sefa a kan Lexus, Range Rover, BMW X5 ko Mercedes GLE, waɗannan shafuka na iya raba shi da asarar da zai daɗe bai farfaɗo ba, muddin ya san abin da ke cikinsu. Matsalar ita ce yawancin masu saye sun fi sabawa da Faransanci ko Larabci, kuma takardar na cike da kalmomin dokar jihohin Amurka. Wani layin yana da ban tsoro alhali ba komai ba ne, wani kuma ana wuce shi a guje alhali shi ne ke tona asirin motar.

Hukumar kula da muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙiyasta a rahotonta na 2020 cewa Turai, Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motocin gwanjo miliyan 14 tsakanin 2015 da 2018, kuma kusan kashi 40 cikin ɗari Afirka suka nufa. Kowace daga cikinsu ta bar sawu a ƙasar da ta fito.

Wane ne ke rubuta takardar

Ga motocin Amurka da Kanada, sunaye biyu suka fi fice: Carfax, kamfanin da aka kafa a 1984 a jihar Missouri, da AutoCheck na kamfanin Experian. Dukansu 'yan kasuwa ne masu tattara bayanai daga ofisoshin rajistar motoci na jihohi, kamfanonin inshora, 'yan sanda, garejin dilolin kamfani da wuraren gwanjo. Bayan su akwai rumbun gwamnati mai suna NMVTIS, wanda ke ƙarƙashin Ma'aikatar Shari'a ta Amurka. Doka ta tilasta wa kamfanonin inshora da masu sayen motocin da suka lalace su riƙa kai rahoto cikinsa. Akwai kuma shafuka biyu na kyauta: VINCheck na ƙungiyar NICB, mai nuna ko an kai rahoton sata ko na lalacewa, da shafin hukumar NHTSA mai nuna ko kamfanin da ya ƙera motar ya yi kiran a mayar da ita gyara.

Motocin Turai nasu tsarin daban ne. A Faransa Ma'aikatar Cikin Gida na da shafin HistoVec, kyauta ne, amma mai motar ne ke buɗe shi da bayanan kart giriz ɗinsa sannan ya tura wa mai saye. Yana nuna ranar rajistar farko, sauyin masu mota, ko akwai bashi ko rahoton sata a kanta, manyan haɗurran da ƙwararre ya duba, da kilomitocin da aka rubuta a lokacin bizit teknik. A Beljiyam, inda dubban motoci ke bi ta unguwar Heyvaert a Brussels zuwa tashar Anvers, akwai takardar Car-Pass tun 2006, wadda ke jera kilomitocin motar duk lokacin da ta shiga gareji ko wurin gwaji.

Duk waɗannan takardu iyakarsu ɗaya: abin da aka kai musu rahoto kaɗai suka sani. Mutumin da ya bugi bango ya biya mai gyara daga aljihunsa ba tare da sanin inshora ba, babu inda zai bayyana. Haka kuma daga ranar da motar ta hau jirgin ruwa, tarihin ya tsaya.

A fara da lambar shasi

Takardar tarihi ba ta da amfani idan ta wata motar ce. Saboda haka aikin farko shi ne karanta lambar shasi, wadda Turawa ke kira VIN, daga jikin motar kanta. Tun daga ƙirar 1981 lambar tana da haruffa da alƙaluma 17, kuma ba a sa haruffan I, O da Q a ciki don kada a rikita su da 1 da 0. Wanda ya ga ɗaya daga cikin ukun nan a lambar, to ko an yi kuskuren kwafi ko an ƙirƙiro ta.

Haruffa uku na farko na nuna ƙasa da kamfani. Lambar da ta fara da 1, 4 ko 5 ƙirar Amurka ce, 2 Kanada, 3 Meziko, J Japan, W Jamus, S kuma Birtaniya. Range Rover na farawa da SAL, manyan Lexus ƙirar Japan kamar GX da LX da JTJ, Lexus RX da aka haɗa a Kanada da 2T2. BMW X5 na kasuwar Amurka na farawa da 5UX domin a Spartanburg ta jihar South Carolina ake haɗa ta, Mercedes ML da GLE kuma da 4JG domin a jihar Alabama ake haɗa su. Ganin 5 ko 4 a farkon lambar motar Jamus ba alamar jabu ba ne.

A motocin da aka ƙera don kasuwar Amurka da Kanada, gurbi na 9 lambar tantancewa ce da ake lissafowa daga sauran 16, kuma shafukan fassara lambar shasi na nuna ko ta yi daidai. Gurbi na 10 shi ne shekarar ƙira: A na nufin 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017, J 2018, K 2019, L 2020, M 2021, N 2022, P 2023, R 2024. Wannan na da muhimmanci a kasuwar da ake sauya wa tsohuwar LX ko Range Rover fitilu da bamba ta koma kamar sabuwa. Fuska na iya zama ta 2020, amma idan gurbi na 10 D ne, motar 2013 ce. Shekarar kuma ta shafi kuɗin duwan: Najeriya ta fara ƙayyade kuɗin fito da lambar shasi a 2022, Kot Dibuwa kuma a 2018 ta hana shigo da ƙananan motocin hawa da suka haura shekara biyar. Motocin da aka ƙera don kasuwar Turai ba dole ne su bi wannan ƙa'ida ta gurbi na 9 da na 10 ba. A kart giriz ta Faransa ana duba gurbin E don lambar shasi, gurbin B don ranar rajistar farko.

Ana samun lambar a ƙasan gilashin gaba ta ɓangaren direba, da kan takardar da ke manne a bakin ƙofar direba. A motoci masu ƙarfen shasi daban irin su Land Cruiser, GX da LX, an kuma buga ta a jikin ƙarfen. Dole duka su zama ɗaya da abin da ke kan takardar mallaka, takardar jirgin ruwa da takardun duwan. Takardar bakin ƙofa na ɗauke da wata da shekarar da aka haɗa motar, kuma ba abin mamaki ba ne motar da aka haɗa a Satumban 2014 ta kasance ƙirar 2015.

Kalmomin da ke kan takardar mallaka

A Amurka kowace jiha ce ke ba da takardar mallakar mota, kuma idan wani babban abu ya sami motar, ana buga tambari a kan takardar. Waɗannan tambura su ne suka fi komai nauyi a rahoton.

"Salvage" na nufin kamfanin inshora ya ga kuɗin gyara ya kai wani kaso na darajar motar, sai ya biya mai ita ya karɓe ta. Kason ya bambanta daga jiha zuwa jiha: jihohi da dama na amfani da kashi 75 cikin ɗari, Florida 80, Texas 100. Ana kuma ganin "Total loss", wato hukuncin inshorar kansa. "Rebuilt" ko "Reconstructed" mota ce da ta taɓa samun tambarin farko, aka gyara ta, jiha ta duba ta yarda ta koma hanya. "Junk", "Non-repairable" da "Certificate of destruction" sun fi muni, domin jihar ta yanke cewa motar ba za ta sake hawa hanya ba, sai dai a cire kayanta. "Flood" ko "Water damage" ruwa ne ya shige ta. "Lemon" ko "Manufacturer buyback" kuwa kamfanin da ya ƙera ta ne ya mayar wa mai ita kuɗinsa saboda wata matsala da aka yi ta gyarawa ta ƙi ci.

Tambarin "Salvage" kaɗai bai faɗi girman ɓarnar ba. Kuɗin aikin hannu a Amurka na da tsada, kuma kayan motar alfarma sun fi tsada. Range Rover daga ƙirar 2013 jikinta na alminiyom ne, wanda ba kowane gareji ke iya gyarawa ba. Fitilu biyu, na'urorin da ke cikin bamba da jakar iska guda biyu na iya cinye rabin darajar mota mai shekara takwas. Wata motar kuma ƙanƙara ce ta lotsa mata rufi, wata sace ta aka yi, inshora ya biya, daga baya aka gano ta lafiya. Irin waɗannan su ne ribar masu shigo da motoci, kuma ba laifi ba ne a saye su idan farashin ya nuna hakan. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Cutar ita ce a sayar da ita da kuɗin wadda ba ta taɓa haɗari ba.

Hanyar gane girman ɓarnar ita ce sauran layukan. "Structural damage" ko "Frame damage" na nufin ƙashin motar ya taɓu. "Airbag deployed" na nufin jakar iska ta fashe. Yawancin irin waɗannan motoci ta wuraren gwanjon Copart da IAA suke fitowa, kuma hotunan da aka ɗauka ranar gwanjon sukan daɗe a intanet. Rubuta lambar shasi a shafin bincike sau da yawa na fito da motar yadda take kafin mai gyara ya taɓa ta, har da hoton agogon kilomita.

Misali: rahoton da ya yi kyau a sama

A ɗauki misali na koyarwa. Wani mai saye ya ga Lexus GX 460 a Lome, lambarta ta fara da JTJ, gurbi na 10 kuma F, wato 2015. Agogonta na nuna mil 61,000. Dillali ya ce takardar mallakarta tsaf take, babu tambari, kuma gaskiya ya faɗa. Ga abin da jerin layukan ya nuna:

2015, an sayar da ita sabuwa a Houston ta jihar Texas, haya ce ta shekara uku.
2016, canjin mai a garejin dila, mil 14,000.
Yulin 2017, canjin mai, mil 31,000.
Satumban 2017, an kai rahoton ɓarna, ba a ambaci karo ba. Bayan 'yan makonni an sayar da ita a gwanjon inshora.
2018, an ba da sabuwar takardar mallaka a wata jiha, babu tambari.
2019 zuwa 2021, gyare-gyare, daga mil 52,000 zuwa 78,000.
Farkon 2022, mil 8,100.
Ƙarshen 2022, mil 84,000.
2023, mil 91,000, an fitar da ita ta tashar Baltimore.

Layin da ya fi ɗaukar ido shi ne na mil 8,100, kuma rahoton kansa zai iya sa masa alamar gargaɗi. Amma shi ne mafi ƙarancin haɗari. Lambar da ke gabansa 78,000 ce, ta bayansa 84,000, don haka 81,000 aka so rubutawa, sifili ɗaya ya faɗi a hannun ma'aikacin gareji. Ƙa'idar ita ce a duba ko lambobin sun koma kan hanyarsu. Idan sun koma, kuskuren rubutu ne. Idan sun faɗi kuma suka ci gaba da hawa daga ƙasan, an juya agogo.

Layin Satumban 2017 shi ne babba. A ƙarshen Agustan 2017 guguwar Harvey ta nutsar da birnin Houston, ruwa ya lalata ɗaruruwan dubban motoci. Motar da ke zaune a Houston, aka kai rahoton ɓarna ba tare da karo ba, ta faɗa gwanjon inshora a makonnin da suka biyo baya, kafin ma hayarta ta ƙare, dole a ɗauke ta a matsayin wadda ruwa ya ci har sai bincike ya nuna akasin haka. Irin wannan lissafi ake yi wa motocin New York da New Jersey na ƙarshen 2012 saboda guguwar Sandy, da na Florida na ƙarshen 2022 saboda guguwar Ian. Wuri da kwanan wata sukan faɗi abin da rahoton bai rubuta ba.

Layin 2018 ya bayyana dalilin da ya sa takardar ta fito tsaf. Da yake dokokin jihohi sun bambanta, akan kai motar da ke da tambari wata jihar a sake mata rajista ta fito ba tambari. Wannan shi ake kira wanke takarda. An kafa NMVTIS ne musamman don toshe wannan ƙofa, saboda haka rahotonsa kan riƙe tsohon tambarin ko da sabuwar takarda ta ɓoye shi. Duk motar da ta sauya jiha jim kaɗan bayan gwanjon inshora ta cancanci a sayi wannan rahoto na biyu.

Saura agogo. An fitar da motar da mil 91,000, kusan kilomita 146,000, yau kuma tana nuna 61,000. Mil ɗaya kilomita 1.609 ne, don haka da an mayar da agogon zuwa kilomita, lambar ƙaruwa za ta yi. Babu wani lissafi da zai mayar da 91,000 zuwa 61,000 sai hannun mutum, kuma an yi shi ne bayan motar ta baro Amurka, inda rahoton ba ya gani. A taƙaice, motar da aka gabatar a matsayin mai tsabta, mai ƙaramar tafiya, ta zama wadda ake zargin ruwa ya ci, aka wanke mata takarda, aka rage mata mil 30,000.

Abubuwan da ke da ban mamaki amma ba laifi ba

Akwai layukan da kan tsorata mai saye a banza. Motar da ta fara rayuwa a Kanada ana rubuta mata kilomita, idan ta ƙetara Amurka a koma mil, sai a ga 100,000 ta zama 62,000 a layi na gaba. A nan lissafi ya yi daidai, domin daga kilomita zuwa mil lamba raguwa take yi.

Motar alfarma mai rajistar jihar Montana amma duk gyaranta a California ko New York aka yi, yawanci dabarar haraji ce, domin Montana ba ta karɓar harajin sayarwa, masu hali kan yi wa motocinsu rajista a can da sunan ƙaramin kamfani. Motar da ke kai-komo tsakanin wata jihar arewa da Florida kowace shekara ta mutumin da ke gudun sanyi ce. Mai mota na farko da ya rabu da ita bayan wata 36 daidai, haya ce ta ƙare, kuma irin waɗannan sukan sami gyara a kan kari domin yarjejeniyar hayar ta tilasta hakan. Gwanjon diloli irin na Manheim kasuwa ce ta yau da kullum, ba ɗaya yake da gwanjon inshora ba.

Kalmar "Exempt" a gurbin mil ma ba zargi ba ce. Dokar Amurka ta ɗauke wa motocin ƙirar 2010 da waɗanda suka girme su wajibcin bayyana mil idan sun shekara goma. Ga ƙirar 2011 zuwa sama, wa'adin shekara ashirin ne tun daga Janairun 2021. Saboda haka "Exempt" a kan motar 2008 daidai ne, amma a kan motar 2016 abin tambaya ne. "Not actual mileage" kuwa gargaɗi ne na gaske: jiha ta rubuta cewa lambar agogon ba ita ce tafiyar motar ba.

"Duplicate title" na nufin an ba da kwafin takardar da ta ɓata, "Corrected title" an gyara wani kuskure. Sau ɗaya ba komai, amma idan suka yi ta maimaituwa dab da fitar da motar, ya kamata a tsaya. "Lien" bashin banki ne a kan motar, kuma yawancin sababbin motoci na da shi da farko. Abin nema shi ne alamar an biya kafin a fitar da ita.

Shekara biyu ko uku ba tare da layi ko ɗaya ba na iya nufin mai motar na gyara a ƙaramin garejin da ba ya kai rahoto. Yana kuma iya nufin ta kwanta ana jiran kaya bayan haɗari. Mil ɗin da ke gaba da bayan giɓin ne ke raba gardama: direban Amurka kan yi wajen mil 12,000 a shekara, don haka motar da ta yi mil 900 cikin shekara biyu a ajiye take. Haka nan idan layin ƙarshe ya nuna an fitar da motar zuwa Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa shekaru kafin ta iso Afirka, akwai yiwuwar an gyara ta a Sharja, inda ake sake gina motocin haɗari na Amurka da yawa. Dillalin da ya ce "ta Dubai ce" bai yi ƙarya ba, amma bai fara labarin daga farko ba.

Layin da ya zo bayan motar ta bar ƙasa

Mafi haɗarin abin da rahoto zai nuna shi ne motar na ci gaba da rayuwa a can alhali ga ta nan a gaban mai saye. Idan kat-kat tana Kwatano tun Janairu, amma rahoton ya nuna an sabunta mata rajista a Ontario a watan Mayu, an kuma canza mata mai a Yuli, to motoci biyu ne ke amfani da lamba ɗaya. Layi ɗaya tak na iya zama kuskuren gareji, amma jerin layuka alamar an kwafi lambar wata mota mai halal an liƙa wa ta sata. Rashin layin fitarwa gaba ɗaya ma abin lura ne, domin dokar kwastan ta Amurka ta ce a gabatar da takardar mallaka aƙalla awa 72 kafin a fitar da motar gwanjo.

Wannan ba ƙaramar magana ba ce a yankin. An sace motoci sama da 105,000 a Kanada a 2022, kuma Lexus RX, Toyota Highlander da Range Rover na cikin waɗanda ɓarayi suka fi so. Da yawa ta tashar Montreal ake fitar da su cikin kwantena zuwa Afirka ta Yamma. Tun 2024 aka haɗa bayanan 'yan sandan Kanada da rumbun motocin sata na Interpol, kuma hukumomi a Ghana da Najeriya sun sha ƙwace irin waɗannan motoci. Ga Bahaushen da ke ƙetara iyaka biyu ko uku kafin ya kai motarsa gida, kowane shinge wuri ne da za a iya duba lambar. Idan ta fito a jerin sata, motar za a riƙe, shi kuma sai ya koma neman wanda ya sayar masa. Ofisoshin Interpol na ƙasa, waɗanda ke cikin rundunonin 'yan sanda, su ne wurin da ake neman a duba lambar kafin a biya.

Kiran gyara da ba a amsa ba

Rahoton kan nuna "Open recall", wato kamfani ya gano wata matsala ya ce a kawo a gyara kyauta, amma ba a kai wannan motar ba. Mafi girma shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, wanda ya shafi miliyoyin motoci, har da wasu shekarun BMW, Mercedes, Lexus da Land Rover. Sinadarin da ke hura jakar kan lalace da zafi da laima, idan ta tashi sai ta watso ɓaraguzan ƙarfe. Yanayin Duwala, Kwatano da Tema shi ne ainihin irin wanda ke gaggauta lalacewar, don haka wannan layi ya fi nauyi a nan fiye da inda aka rubuta shi.

Gwada takarda da jikin mota

Bayan karatu sai a koma kan motar tare da bakaniken da mai saye ya zaɓa da kansa. Idan ana zargin ruwa, a ɗaga kafet, a duba ƙarfen da kujeru ke gudu a kai, ramin tayar safaya da akwatin fis, a nemi tsatsa, busasshen laka ko koren gansakuka a bakin wayoyi. A ja bel ɗin kujera har ƙarshe a ga ko akwai layin ruwa. Motar alfarma na ɗauke da ƙananan kwamfutoci masu yawa, wasu a ƙarƙashin kujera da kafet, kuma ruwan gishiri kan ci wayoyinsu a hankali, matsalar ba ta bayyana sai bayan watanni.

Idan ana zargin karo, na'urar auna kaurin fenti na nuna inda aka shafa ƙullu, kusoshin bonet da ƙofofi kuma na nuna ko sufana ta taɓa su. Fitilar jakar iska ya kamata ta kama idan an kunna mota, ta mutu bayan 'yan daƙiƙoƙi. Wadda ba ta kamawa sam wataƙila an cire ta ne don ɓoye jakar da ba a mayar ba. Idan agogo ake zargi, na'urar gwajin kwamfuta, wadda makanikai a ƙasashen renon Faransa ke kira valise, na iya karanta tafiyar da aka adana a ƙwaƙwalwar injin, ta giya ko ta birki a motoci da dama, kuma masu juya agogo sukan manta da waɗannan. Cinyewar sitiyari, feda da gefen kujerar direba ma shaida ce.

Abin da ya kamata a riƙe kafin ciniki

Takardar da dillali ya buga ko ya turo ta WhatsApp ana iya sauya mata lamba da kwamfuta, ana iya cire shafi, ana kuma iya kawo wadda aka ciro kafin haɗarin. A duba ranar da aka ciro ta a saman shafin farko, a ƙirga shafukan, sannan mai saye ya sayi tasa da lambar da ya karanta daga jikin motar. Kuɗinta bai kai na taya ɗaya ta irin wannan mota ba. Wanda ba ya jin Turanci ya nemi mai fassara masa wanda ba shi da kamasho a cinikin.

Wanda ke aika kuɗi ga ɗan'uwa ko wakili a Amurka, Kanada ko Beljiyam ya nemi lambar shasi da hoton takardar mallaka gaba da baya kafin ya tura ko sisi, domin ba a cinikin biri a sama. Idan ciniki ya faɗa, a rubuta lambar shasi, tafiyar da agogo ke nunawa da abin da mai sayarwa ya faɗa game da haɗari a takardar saye, da sa hannun shaidu. Lamba biyu da ba su dace ba, rahoton sata, ko layukan da ke ci gaba bayan motar ta bar ƙasa, dalilai ne na fasa cinikin nan take. Ruwa da taɓuwar ƙashin mota na buƙatar hukuncin bakanike. Sauran, kamar tambarin ƙanƙara ko ƙaramin karon da hotunan gwanjo suka tabbatar, magana ce ta farashi.